Wasanni Uku a Shagon Kyari

Tun da na dawo daga Wagadugu ban huta da tambaya ba. A lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, a ƙofar masallaci, a wurin mai shayi na bakin tasha, kowa sai ya tare ni da laƙabin da ake kiran malamin boko da shi a nan: Mushe Bukar, yaya garin, yaya Kyari, wai da gaske ne wata guda ka yi kana wasan yara a gaban kwamfuta? Na yi ta ba da amsa guntu-guntu, kowa kuma ya ƙara gishirinsa ya kai gaba. Shekaranjiya har na ji wai ni na ci Rumawa da yaƙi. To, bari in faɗa sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takardar.

Ga wanda bai san Kyari ba, unguwarmu ɗaya a nan Gure. Mahaifinsa yana da shagon shayi da sukari a kasuwa, kuma a cikin yashin ƙofar shagon nan ni da shi muka yi dara kowace la'asar tun muna yara har muka yi gemu. Shi da ƙirare, ni da tsakuwa. Idan ya ci ni sai ya bi ni da tsiya har gida, idan na ci shi in yi masa abin da ya fi haka. Daga baya ya samu tallafin karatu ya tafi, ni na zauna ina koyar da tarihi. Shekara tara ban sa shi a ido ba, wasiƙa biyu kawai. Ina da abokan aiki, ina da iyali, alhamdulillahi, amma aboki irin wanda za ka zauna da shi awa biyu ba ku ce komai ba kuma ba ka ji nauyi ba, tun da ya tafi ban sake yi ba.

Sai ga wasiƙa ta uku gab da babban hutu. Ya ce yana da shagon sayar da kwamfuta da gyaranta, kuma yana so ya fara sayar wa makarantun kuɗi wasu wasanni na tarihi da ake yi a kan na'urar. Guda uku ne a hannunsa, bai san wanda ya dace da ɗalibai ba, yana buƙatar malamin tarihi ya duba masa. In zo in yi hutu. Ni dai ba zancen wasa na karanta a takardar nan ba. Abin da na karanta shi ne Kyari yana nemana. Kwamfuta kuwa sau ɗaya na taɓa ganinta a wani biro, wato ofis, a Damagaram, an rufe ta da zane kamar amarya. Na tafi ne in ga ko har yanzu ina da aboki, sauran duk hujja ce.

Matata Fanna ta haɗa mini tsaraba: dabinon kwari, cuku, da kilishi. Na kama ƙaramar mota zuwa Damagaram, washegari da asuba na shiga babbar kar, wato bas, ta Yamai. Wanda Allah ya haɗa ni kujera da shi wani dattijo ne mai fataucin fata, Malam Ilu, mutum mai baki kamar rediyo. Kafin Tasawa na san sunan matansa da ciwon da ke damun kowacce. Da na gaya masa abin da zai kai ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi dai a saninsa ana tafiya don fatauci, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, amma a keta ƙasa biyu don wasa, wannan sai ƴan boko. Ya cinye mini rabin kilishin tsarabar, ya sauka a Ƙonni. Wallahi da ya sauka sai na ji kewarsa. Wadda ta gaje kujerar wata Bazabarma ce da kwandon kaji, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, muka yi ta murmushi da juna har Doso. Daga nan ne na lura Hausa ta fara ƙaranci a cikin motar, kamar ruwan rijiya a bazara.

A Yamai na sauya kar zuwa Wagadugu. A kan iyaka na yi abin kunya, kuma laifina ne, ba na kowa ba. An ce kowa ya fito da katin shaida da karne, wato ɗan littafin shaidar allurar shawara. Katin yana aljihuna. Karnen kuwa, saboda tsabar tsoron kar ya ɓace, na sa shi a tsakiyar jakar dabino, jakar tana saman mota ƙarƙashin tamfol, an ɗaure da igiya kamar ba za a sake kwancewa ba har abada. Ga hadari ya haɗu. Sai da aka sauke buhu goma sha wani abu kafin a kai ga jakata, ruwa ya sauko, kayan mutane suka jiƙe. An zage ni da Zabarmanci, an zage ni da Gurmanci, an zage ni da wani yaren da har yau ban san sunansa ba. Jandarman da ya karɓi karnen ya ga yana ɗanƙo da zumar dabino, ya riƙe shi da yatsa biyu, ya tambaye ni aikina. Da na ce malamin makaranta, sai ya girgiza kai kawai ya miƙo mini. Daga nan har Wagadugu ba wanda ya sake yi mini magana a motar.

A tasha na yi ta raba ido ina neman Kyari. Babu shi. Wani dogon mutum ne ya zo riƙe da kwali an rubuta sunana, ya ce shi Pol, makanikin shagon, maigida yana wurin aiki. Ya ɗora ni a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, jakata a kaina, muka shiga gari. Kai, jama'a, ban taɓa ganin mobilet da yawa haka ba. Mata da goyo, mata da kwano a ka, tsofaffi da tabarau, kowa a kan nasa, kuma ba mai kallon kowa. A Gure mace ta hau keke sai an kwana uku ana zancen.

Na ɗauka gidan Kyari za a kai ni. A wurinmu baƙo a zauren mai gida yake sauka, ku ci a kwano ɗaya, ku yi hira har barci ya raba ku. Sai na ga an tsaya a shago. A baya akwai wani ɗaki da katifa, da fanka, da kwalayen na'ura jibge har rufi, da tebur ɗauke da kwamfuta. Nan ne masaukina. Kyari ya iso wajen magariba. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, ya ɗaura karabat a wuya, ga ɗan talho, wato wayar hannu, a ƙugu. Ya rungume ni da ƙarfi, ya ce na tsufa, na ce shi kuma ya zama tulu, muka yi dariya, na ce a raina alhamdulillahi yana nan yadda na san shi. Amma yawancin zancensa da Faransanci ya yi. Ya ce in yi haƙuri, gidan ƙarami ne, kuma na zo a mugun lokaci: kowa tsoro yake wai idan shekara ta dubu biyu ta kama kwamfutoci za su rikice, bankuna da ofisoshi sai kiransa suke ya duba musu. Talhon ya yi ƙara. Minti goma muka yi, na ƙirga.

Sau ɗaya na ci abinci a gidansa, ranar Lahadi. Matarsa Asetu, Bamosa ce, mace mai kirki. Ta tare ni da wani ruwan gero mai tsami da sukari da suke ba baƙo, zomkom suke ce masa, ɗan'uwan farau-farau ɗinmu. Wannan ya yi mini. Amma da aka zo cin abinci kowa da farantinsa, kowa da cokali mai yatsu, talabijin a kunne. Na ba da tsaraba, aka yi godiya, aka ɗora a kan firiji. Na fara ba Kyari labarin yadda yashi ya cinye rabin lambun mahaifinsa a kwari, yana ta cewa kai, kai, idonsa a kan labarai.

Sauran kwanaki ni nake ciyar da kaina. Da safe wake da shinkafa wurin wata mata a bakin titi, benga suke kiransa, da arha da ƙosarwa. Nama kuwa na ƙaurace masa, don Pol ya gargaɗe ni cewa ba kowane gashi ne namu ba, akwai masu gasa alade a fili kuma ba wanda ya damu. Ranar Juma'a nakan taka har unguwar Zango in yi salla, in ci tuwo, in ji Hausa. Hausarsu ta Sakkwato ce da ta Kano, da na buɗe baki sai su ce ga Babarbare, su yi ta tsokanata. Ko wannan tsokanar daɗi take mini. Sai in ja ƙafa, in ƙara shayi kofi ɗaya ba don ina so ba, don dai kar in koma ɗakin nan da wuri.

To, ga wasannin. Sunayensu na Ingilishi ne, ba zan wahalar da ku ba, ni na raɗa musu nawa. Pol ne ya koya mini riƙe ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda suke ce wa ɓera. Kwana biyu ina ɗaga shi sama ina nuna gilashin da shi kafin hannuna ya gane.

Na farko na sa masa Mai Haƙuri. Ana ba ka ayari ɗaya da kayansu a tsakiyar duhu, shekara dubu huɗu kafin Annabi Isa, ƙasa duk baƙa ce sai inda ka taka. Ka motsa, ka danna, sannan sauran al'ummai su motsa, bi da bi kamar dara. Ka kafa gari, mutanenka su koyi rubutu, su koyi ƙira, su yi hanya, a haka har zamanin jirgin sama. Pol ya nuna mini maɓallin kafa gari ya tafi aikinsa. Da ya dawo bayan awa guda ya tarar da ni ina yawo da ayarina, ko bukka ban kafa ba. Ya tambayi dalili. Na ce na samu wuri mai kyau, ga kogi ga ciyawa, amma na hango wasu bukkoki kusa, kuma har yanzu ban gano ko ƙasar wa ce ba. Bulamansu, wato mai garinsu, nake nema. A wajenmu wa ya isa ya haƙa rijiya ko ya kafa turke bai sallama wa masu wuri ba? Pol ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce a nan ƙasa ta wanda ya riga danna maɓalli ce. Kafin in yarda da wannan magana shekara dubu ta wuce a cikin wasan, maƙwabtana suna da karusai, ni ina neman izini.

Na yi faɗa da wasan nan ƙwarai, ni kaɗai a ɗaki. Na duba jerin al'umman da za ka iya zaɓa: Rumawa, Girkawa, Misirawa, Sinawa, Zulu, da sauransu. Na nemi Borno, babu. Na nemi Katsina, babu. Songai, babu. Hamada kuwa wasan ya ce wofi ce, inda kakanninmu suka yi arziki da kanwa da gishiri da raƙuma. Makiyaya ba sa fitowa sai a matsayin ƴan hari. Bukkokin da na yi ta jin nauyinsu, ashe idan ka shiga sai su ba ka zinariya su ɓace, shi ke nan tarihinsu. Sarki ɗaya kuma ya yi shekara dubu shida yana mulki, ko furfura babu. Amma dole in faɗi gaskiya: ɗalibin da ya yi shi sati guda ba zai sake tambayata me ya sa ake kafa birni a bakin kogi ba, kuma zai ga da idonsa cewa ilimi a kan ilimi yake hawa. Sannan yana jira. Ka tashi ka yi alwala, ka yi salla, ka dawo, kowa yana inda ka bar shi.

Na biyu na sa masa Gwamna. Gari ɗaya tak ake ba ka a ƙasar Rum, ka gina shi: gidaje, rijiyoyi, rumbuna, kasuwa, wurin wanka, ɗakin bauta. Babu ruwanka da duniya, naka shi ne ruwa ya kai kowace unguwa, hatsi ya kai kasuwa, gobara kar ta tashi. Gobara kuwa ta tashi mini sau nawa, ban ƙirga ba. Sarkin Rum yana can nesa, ba ka ganinsa, sai saƙo: aiko da kaza, aiko da kaza, in ka yi jinkiri ya fusata. Wannan kam na ce duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a nesa da babban birni zai gane shi ba sai an fassara ba. A ganina ya fi na farko gaskiya, don ya san cewa mulki yawancinsa shara ne da ruwa da rumbu, yaƙi kaɗan ne. Aibinsa, Rum kaɗai ya sani, kuma bayin da suka gina Rum ɗin ban gan su ba.

Akwai wani abu a cikinsa da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Ƴan mutanen da ke yawo a titunan garin, idan ka danna a kan ɗaya sai ya yi magana da murya. Mai tura amalanke ya ce kaya sun yi masa nauyi, mai kasuwa ta ce abinci ya yi ƙaranci, wani ya ce garin nan da daɗin zama. Maganar ba ta wuce guda biyu uku, ita suke maimaitawa. Amma akwai ranakun da daga gaisuwar mai benga da safe har rana ta faɗi ba wanda ya ce mini uffan, sai su. Nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin ina ce musu su yi shiru. Kaɗaici ya dame ni a garin nan, ba zan ɓoye ba.

Na uku shi ne Mai Gaggawa. Wannan ba ya jiran kowa. Da an buɗe, mutanenka uku suna tsaye, maƙwabta kuma sun riga sun fara. Ka tura wannan saran itace, wancan tsinkar ƴaƴan itace, wancan farautar barewa, ka gina gida, ka gina rumbu, ka haƙo zinariya, daga zamanin dutse zuwa na ƙarfe a cikin awa ɗaya. Ka je ka yi fitsari ka dawo ka tarar an ƙone maka gari. Mutanen cikinsa suna ganin dabba sai kisa, ba wanda ya taɓa tunanin ya ɗaure akuya ta haihu. Ya fi sauran kyan gani, jiragen ruwa da giwaye da dawakai kamar ka taɓa, kuma shi ne ya fi sa zuciya bugawa. Amma darasinsa guda ne: ba a gamawa sai gidan maƙwabcinka na ƙarshe ya faɗi. A cikinsa ne kawai na ga mutum biyu za su iya yi tare, idan aka haɗa na'ura biyu da waya.

Na cika kaye guda, littafin nan na ƴan makaranta, da rubutu. Hukuncina shi ne a ba manyan ɗalibai Mai Haƙuri, amma da malami a tsaye yana gaya musu waɗanda aka bari a waje, a ba ƙanana Gwamna, Mai Gaggawa kuma a bar shi a shago. Na yi aikin nan da zuciya ɗaya, don na sa a raina ranar da zan miƙa kayen za mu zauna, ya musa, in musa, mu yi gardama irin ta da. Kullum yakan leƙo da safe, ya dafa kafaɗata, ya ce yaya farfesa, ya fita. Da na miƙa masa ya juya shafi biyu, ya ce aiki ya yi kyau, zai karanta a natse. Har ya kai ƙofa sai ya juyo, kuma da Hausa ya yi maganar:

"Bukar, ranar Asabar da la'asar ba ni da aiki. Mu kara, ni da kai, kamar da."

Kwana uku ya rage a lokacin, kuma ban taɓa jin kwana uku mai tsawonsu ba. Na wanke babbar rigata. Na sayo shayi da sukari da gawayi, na ce bayan wasa ni zan dafa.

Asabar ta zo. Mai Gaggawa za a yi, tunda shi ne na mutum biyu. Na zaci za a kawo na'urorin wuri ɗaya mu zauna gwiwa da gwiwa. Ashe tasa tana can cikin shago, tawa tana ɗakina, Pol ya ja waya ta ƙarƙashin ƙofa. Ma'aikatansa da wasu abokan ciniki suka taru a bayansa, ina jin muryoyinsu. Pol ya ce ya ƙara wasu al'ummai biyu da na'ura ke tafiyar da su don wasa ya yi armashi. Ni shuɗi, Kyari ja. Ya fita ya ja ƙofa.

Ku da kuka san ni kun san abin da zan yi. Ga ni a ƙasa ɗaya da mai masaukina, ga baƙin al'ummai biyu da ba mu san su ba. Wa zai sauka kusa da rijiyar mutum bai aika masa da gaisuwa ba? Na yi sauri na gina kasuwa, don a wasan sai da kasuwa ake iya aika wa wani kaya. Na buɗe shafin hulɗa, na sa Kyari a layin abokai. Zinariyar da mutanena suka haƙo da rabin abincin rumbuna, duk na aika masa. Ganuwa kuwa na gina ta ta wajen baƙin nan biyu, ɓangarensa na bari a buɗe, don ban ga yadda za a yi mutum ya sa katanga a fuskar wanda ya sauke shi ba. Ina ta murmushi ni kaɗai. Na ce yanzu zai mayar mini da wani abu kaɗan don tsiya, itace guda goma ko makamancin haka, sannan mu haɗu mu kori baƙin, sannan in ya so mu juyo kan juna mu yi ta ja har magariba.

Na ji an yi sowa a shago. Ban kawo komai ba. Can sai ga jajayen karusai sun ɓullo ta inda na bari a buɗe, da yawa, fiye da yadda zai iya tarawa da dukiyarsa shi kaɗai a ɗan lokacin nan. Wallahi na ɗauka gudummawa ce. Sai suka fara bin manomana suna kashewa. Sojojina suna tsaye a gefe suna kallo, ko motsi babu, don ni da hannuna na gaya musu ja aboki ne, kuma a wasan soja ba ya taɓa aboki. Na san maganin abin. In buɗe shafin nan in mayar da shi layin abokan gaba, dannawa biyu ne. Hannuna yana kan ɓeran. Ban danna ba. Na zauna ina kallo suka rushe kasuwa, suka rushe rumbu, suka bi wani mai saran itace har bakin teku. Gaba ɗaya bai kai rabin awa ba.

Ƙofa ta buɗe, Kyari ya leƙo yana dariya, mutanensa a bayansa. Da Faransanci ya ce farfesa ya danna inda ba nan ba, ya kwashe dukiyarsa ya ba abokin gaba, a yi masa uzuri, wata ɗaya kawai ya yi da na'ura. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Aka kira shi a talho. Shayin ban dafa ba, Pol na ba kayan.

Abin mamaki, a kwana biyun da suka rage raina bai ɓaci sosai ba. Na ce bai gane ba ne. Shekara tara a wata ƙasa, da wani harshe, da wasu mutane, dole mutum ya manta wasu abubuwa. Ya ga saƙo a gilashi ya ɗauka kuskuren baƙauye ne. Mantuwa kuma ba laifi ba ce, ana tuna wa mutum. Na ma fara tsara yadda zan rubuta masa daga Gure in bayyana masa, mu yi dariyar abin. Da Pol ya gaya mini an riga an yi odar Mai Gaggawa tun kafin in zo, don shi yara ke so, ko wannan na haɗiye.

Ranar tafiya da safe shi da kansa ya kai ni tasha a motarsa. Muna da sauran lokaci, sai ya kashe mota muka zauna a ciki, ya kashe talhon ma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sannan ya ce, da Hausarmu ta gida:

"Na ga abin da ka aiko ranar Asabar. Na san ba kuskure ba ne. Ina ganinsa na gane."

Na ce, "To?"

"Mutane suna tsaye a bayana, Bukar. Ma'aikatana ne. Suka ce ga banza ta faɗi. Me zan ce musu?"

Na jira ko akwai saura. Babu. Na ce masa ba komai, wasa ne. Ya ɗauki jakata da kansa ya kai har bakin kar, ya tsaya a gindin taga har muka tashi, ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa.

Na san ya faɗa ne don yana jin nauyin abin, kuma na san ba kowa ne zai iya faɗa ba. Amma da ya yi shiru, da na dawo Gure da aboki wanda ya yi mantuwa. Har muka wuce Fadan Gurma ina ƙoƙarin komawa ga zaton da na tashi da shi da safe, cewa bai gane ba ne kawai. Ban iya ba, kuma har yau ban iya ba.